Ƙofa da Kwaɗo: Mu Tsare Gidajenmu Kafin Ɓarawo Ya Zo

Hatsi ya shiga rumbu, wake da gujiya sun shiga buhu, samari kuma sun fara ɗaure kaya za su tafi cin rani. A irin wannan lokaci gidan manomi ya fi cika da dukiya, a lokacin ne kuma maza suka fi ƙaranci a gari. Ɓarawo ya san wannan lissafi sarai. Shi ya sa muka ga ya dace shafinmu na yau ya tsaya a bakin ƙofa, mu duba ta tare da ku, daga bango har zuwa mabuɗi.

Za mu fara da abin da ya same mu, mu da kanmu. Wata shekara muna cikin rangadin cibiyoyin yaƙi da jahilci, muka isa wani ƙauye da hantsi, muka tarar da malami da ɗalibansa sun yi cirko-cirko a bakin ɗakin ajiyar kayan karatu. An shiga ɗakin cikin dare. An kwashe fitilu da batir da tabarmi, an haɗa da buhun hatsin da ɗalibai suka tara tiya-tiya don su taimaki malaminsu. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne kwaɗon. Mu muka sayo shi daga birni, babba, mai nauyi, har muna yabonsa gaban mai gari. Muka same shi a kulle yana reto, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ɓarawon bai kula shi ba. Ƙusoshi huɗu da suka riƙe kunnen da ake saƙala kwaɗon ya zare daga cikin katako, ya tura ƙyaure, ya shiga. Karatun dare ya tsaya a wannan cibiya har wata guda saboda rashin fitila, wasu ɗalibai kuma daga nan ba su sake dawowa ba.

Daga ranar muka gane cewa ƙofa abu huɗu ne a haɗe: bangon da aka kafa ta, firam ɗin da ke cikin bangon, ƙyauren da ke rataye a jikin firam, sai kuma abin kullewa. Wanda ya fi rauni cikin huɗun nan, shi ne iyakar ƙarfin ƙofarka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yaushe ɓarawo yake zuwa?

Yawancin masu fasa gida ba su son faɗa. Abu uku suke ƙi: hayaniya, haske da ɓata lokaci. Duk ƙofar da za ta sa su daɗe suna dukan ƙarfe a inda maƙwabta za su ji, sukan bar ta su nemi wata. Saboda haka, kada magidanci ya ce tun da ba shi da kuɗin ƙofar da ba ta fasuwa, gara ya haƙura. Ƙofar da ba ta fasuwa babu ita a duniya. Abin da muke nema shi ne ƙofar da za ta jinkirta ɓarawo, ta kuma tona asirinsa.

Ku lura da lokutan da aka fi yin ɓarna. Da damina, gari yakan watse zuwa gona tun da sassafe, a bar tsofaffi da ƙananan yara. Daren da ake ruwa da iska, ƙarar ruwa a kan kwano takan rufe ƙarar guduma, laka kuma ta jiƙa ta yi taushi. Ranar kasuwa, ranar biki da ranar zana'ida, gidaje da yawa sukan zama babu kowa. Da bazara, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan kori mutane zuwa tsakar gida ko ƙofar gida su kwana, a bar ɗakuna a buɗe. Gab da babbar salla kuwa, ragon layya ne abin hari. Sannan ga watannin cin rani, lokacin da mazan Adar da na Damagaram da na Gobir suke Najeriya, Libiya, Aljeriya ko Abijan, mata su kaɗai ke riƙe da gida.

Bango da firam

Kakanninmu ba su yi wasa da ƙofa ba. A Damagaram, ganuwar Birni da aka gina zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, tana da ƙofofi da masu tsaronsu. Gidan Bahaushe ma haka aka tsara shi: hanyar shiga ɗaya ce, ta zaure, inda mai gida yake zama yana ganin mai shiga da mai fita. Yau gidaje da yawa sun yar da wannan tsari. Za ka ga an kashe kuɗi a kan ƙofar gaba, alhali katangar baya ta zube tun damina, ko darnin kara ya kwanta har akuya tana tsallakawa. Abu na farko ke nan: ka zagaya gidanka ta waje kamar baƙo, ka tambayi kanka, in kai ne ka yar da mabuɗi, ta ina za ka shiga? Inda ka samu, nan ɓarawo zai samu.

A ginin laka, firam shi ne wurin da aka fi samun rauni. Sau da yawa magini yakan dasa firam ya shafe gefensa da laka kawai. Bayan damina biyu ko uku lakar ta zaizaye, firam ya fara motsi kamar haƙorin tsoho. Mutum ɗaya da guntun rodi yana iya ɓanɓaro ƙofar gaba ɗaya, da ƙyaurenta da kwaɗonta, ya jingine a gefe.

Maganin wannan ba shi da tsada ƙwarai. A gina gefen ƙofa biyu da bulon siminti, ko jan birki, ko dutse a inda ake da shi, ko da sauran ɗakin na laka ne. A sa mai walda ya liƙa wa firam ƙafafu na ƙarfe, aƙalla uku a kowane gefe: sama, tsakiya da ƙasa. Kowace ƙafa ta shiga cikin gini kamar tsawon tafin hannu, bakinta a tanƙware, a cika raminta da siminti. A bar simintin ya kwana biyu ko uku ana yayyafa masa ruwa kafin a fara buga ƙofar. A dokin ƙofa kuma a zuba siminti ko a shimfiɗa dutse, don kada a haƙa ta ƙarƙashi, kada kuma ruwa ya kwanta ya cinye gindin firam.

In firam ɗin na ice ne, babban abokin gabansa gara. Takan cinye cikin katako ta bar bayansa lafiya lau, sai ranar da aka tura shi ya ruguje. Ku riƙa ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa. In ya yi ƙara kamar ganga, an cinye shi. Azarar giginya ta fi sauran itace jure wa gara, shi ya sa magina suke son ta a saman ƙofa. Shafa baƙin mai a gindin katako kafin a dasa shi yana taimakawa.

Ƙyaure da maratayansa

Ƙyaure iri uku muka fi gani a ƙauyukanmu. Akwai na kwanon rufi da aka buga a kan siraran katako. Wannan yana tsare ido da iska da kaji, amma almakashin ƙarfe ko wuƙa mai ƙarfi suna yanka shi, ana kuma iya naɗe kusurwarsa da hannu. Akwai na katako, wanda in yana da kauri kuma an gitta masa wasu katakai ta ciki, yana da kyau. Sai na ƙarfe da masu walda suke ƙerawa, wanda ya fi duka in an yi shi da gaskiya.

In za ka ba da aikin ƙyauren ƙarfe, kada ka tsaya kan fenti da ado. Tambayi kaurin falan ƙarfen. Wanda ya kai milimita 1 da rabi ya fi wanda bai kai milimita 1 ba nesa, ko da yake ya fi shi kuɗi. Danna tsakiyarsa da tafin hannu: in ya lotsa ya dawo yana ƙara, sirara ne. Ka ce a gitta masa ƙarfe ta ciki, a kuma yi waldar a jere, kada a ɗiga ta nan da can kamar zanen kaza. Ka je ka ga aikin kafin a shafa fenti, domin fenti yana rufe aibi.

Maratayan ƙyaure, wato ƙarafan da yake rataye a kansu yana juyawa, su ne abin da mutane suka fi mantawa. Su zama uku, kada su zama biyu. Akwai irin waɗanda ake zura ƙyaure a kansu daga sama. In akwai sarari tsakanin ƙyaure da saman firam, ɗaga shi kawai za a yi ya fita. Dabarar ita ce a juya ɗaya daga cikin ukun ya kalli ƙasa, ko a liƙa guntun ƙarfe a samansa, yadda ƙyauren ba zai ɗagu ba.

Wasu sukan tambaye mu: ƙofa ta buɗe ciki ko waje? Kowanne da amfaninsa. Mai buɗewa ciki, maratayanta suna ɓoye, kuma kana iya tokare ta in kana ɗaki, amma tana saurin buɗewa in an bangaje ta. Mai buɗewa waje ba ta jin bangaza, domin firam ya tare ta, amma maratayanta suna waje inda zarto zai same su. In taka mai buɗewa waje ce, sa a liƙa gajerun rodi biyu a gefen ƙyauren ta wajen maratayai, a huda firam daidai su. In an rufe ƙofa sai su shige cikin ramukan, ko an yanke maratayai ƙyauren ba zai fita ba.

Kada a manta da taga. Rodin taga ya shiga cikin gini sosai, tazarar da ke tsakanin rodi da rodi kada ta wuce santimita 12, domin ɓarayi sukan zura yaro. Kada kuma a ajiye salula, rediyo ko rigar da ke da kuɗi kusa da taga, inda sanda mai ƙugiya za ta kai.

Kwaɗo da sakata

A cikin kwaɗo akwai ƴan ƙananan ƙarafa a jere, kowane da tsawonsa. Haƙoran mabuɗi ne suke ɗaga su daidai, sannan cikin ya juya. Kwaɗo mai arha yana da kaɗan daga cikinsu, shi ya sa mabuɗi ɗaya yakan buɗe kwaɗo da yawa. Ga gwajin da kowa zai iya yi a gaban mai kanti: ɗauki kwaɗo uku ko huɗu iri ɗaya, ka gwada mabuɗin ɗaya a jikin sauran. In ya buɗe ko guda, ajiye ka nemi wani iri.

Duba wuyan kwaɗon, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa. Don ƙofar waje ko ɗakin ajiya, kaurinsa ya kai milimita 8 ko fiye, ya zama ƙarfe mai tauri wanda zarto ke zamewa a kansa. Wanda wuyansa gajere ne ya fi mai dogon wuya, domin dogon wuya yana ba rodi wurin shiga a murɗe. Buɗe shi ka gani: in wuyan yana da tsaga a ƙafafunsa biyu, yana kamawa ta gefe biyu ke nan, ya fi mai tsaga ɗaya jure wa guduma.

Sai kunnuwan da ake saƙala kwaɗon, inda mu aka ci mu. Kada a buga su da ƙusa, kada kuma a ɗaura su da abin da ake kwancewa daga waje. A ƙyauren katako, a huda katakon har ya ɓulla, a zura ƙarfe mai zare wanda kansa sumul ne, a ɗaure notinsa ta cikin ɗaki. A ƙyauren ƙarfe, a yi musu walda mai kyau, sannan a ƙera ɗan akwatin ƙarfe da zai lulluɓe kwaɗon, a bar wurin zura hannu da mabuɗi ta ƙasa. Da wannan akwati, zarto da guduma ba su samun inda za su kama.

Ƙurar hunturu tana cika cikin kwaɗo. Kada ku zuba masa man gujiya ko man ja, domin mai yana kama ƙura ya daskare. Ku goga bakin fensir a haƙoran mabuɗin, ku zura ku fitar sau da yawa, zai saki. Ɗan guntun robar taya da aka rataya a kansa yana tsare shi daga ruwa da tsatsa.

Da dare, in mutane suna ciki, sakata ta fi kwaɗo aiki. A sa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowace ta shiga raminta kamar tsawon gaɓar yatsa biyu. Wanda ba shi da kuɗin sakatar kanti, ya koma ga dabarar iyayenmu: ice mai ƙarfi da ake gittawa a bayan ƙyaure, bakinsa biyu su shiga cikin bango ko cikin ƙugiyoyin da maƙeri ya ƙera. Har yau ba mu ga abin da ya fi shi tare bangaza ba, kuma kusan kyauta ne.

Akwai wani abu game da kwaɗo da ya kamata a sani: in yana rataye a ƙofar gida ta waje, shela yake yi cewa babu kowa a ciki. In za ku yi tafiya ta kwanaki, ya fi kyau a kulle ɗakuna, a samu ɗan uwa amintacce ya riƙa kwana a zaure, a riƙa share ƙofar gida, da dare kuma a ga haske. Fitilar nan mai cajin rana, in an kafa ta sama inda hannu ba ya kai, ta haska ƙofa da garke, tana aikin mai gadi guda. Kare ma haka, har da zabi, waɗanda ba su ganin baƙon motsi su yi shiru.

Mabuɗi a hannun wa?

Da ɗan gari akan ci gari. Sata da yawa ba a fasa komai a cikinta. Da mabuɗi ake buɗewa, ko kuwa wani ya ba da labarin inda kaya suke. Kowa ya san maɓoyar mabuɗi: ƙarƙashin turmi, saman ƙofa, gindin randa, cikin tsohon takalmi. In kai ka san su, ɓarawo ma ya sani. Kwaɗo yakan zo da mabuɗi uku. Ka san inda kowane yake. In ɗaya ya ɓata, kada ka ce zai fito. Canja kwaɗon a ranar. In ka tari gidan haya ko ka sayi gida, canja abin kullewa kafin ka kwana. A kuma ja kunnen yara da manya: kada a riƙa faɗa a dandali ko a bakin rijiya cewa mai gida ya aiko da kuɗi, ko an sayar da sa jiya.

Dukiyar jama'a kuwa, ƙasarmu ta riga ta koya wa duniya dabara a kanta. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jahar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, sun bazu zuwa ƙasashe da yawa. Akwatin irin waɗannan ƙungiyoyi yakan zo da kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana ɗakin wata ta huɗu. Ba a buɗe shi sai gaban taro. Haka ma tsarin warantaji, wanda ya fara yaɗuwa a Nijar wajejen 1999 da taimakon hukumar FAO: manoma suna ajiye amfanin gona a magaza bayan girbi, su karɓi bashi a kansa, a buɗe bayan wasu watanni lokacin da farashi ya tashi. Ƙofar magazar kwaɗo biyu gare ta, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiyar manoma, ɗaya wurin asusun da ya ba da bashi. Muna ba kwamitocin bankin cimaka da na cibiyoyin karatu shawara su bi wannan hanya. Tana tsare kaya, tana kuma tsare mutuncin mai riƙon mabuɗi daga zargi.

Rumbu da garke

Rumbun zana ba ya ɗaukar kwaɗo, ruhewar laka kuma ta sama ake shigarta ko a huda cikinta. Tsaronsu yana ga idon jama'a. Inda aka saba jera rumbuna a bayan gari saboda tsoron gobara, masu su su haɗa kai su kewaye wurin da ƙaya, su bar hanya ɗaya, su riƙa zagayawa bi da bi. A share ƙasar da ke kewaye da yamma, yadda sawu zai fito da safe. Irin shuka kuwa, kada a bar shi tare da hatsin ci. A ware shi a ɗaki mai ƙofar kirki, domin wanda aka sace wa iri an sace masa damina mai zuwa.

Garke ya kasance ta cikin gida, nesa da katangar da ke bakin hanya, ƙofarsa kuma ta kalli ɗakin kwana. Amalanke da moto a ɗaure su da sarƙa a jikin abin da ba ya ciruwa.

A nan ne karatunku zai yi muku rana. Ku samu littafi guda ku rubuta yawan damman da suka shiga rumbu da ranar da aka ɗebi kowane. Ku rubuta kamannin kowace dabba da shaidar da ke jikinta. Ku kwafe lambar da ke jikin ƙarfen moto da ta injinsa, ku adana takardar saye. Salula ma tana da lambarta: danna *#06# za ta fito, ku rubuta ku ajiye. Ranar da aka kama kaya, mai rubutu ne yake iya nuna cewa nasa ne.

Kada ƙofa ta zama tarko

Wannan sashe mun fi so ku riƙe shi da kyau, domin rai ya fi dukiya. Ƙofar da ta hana ɓarawo shiga tana iya hana mai gida fita.

1. Kada a kulle yara a ɗaki ta waje a tafi gona, kasuwa ko biki. In wuta ta tashi, ko zafi ya yi yawa, ba su da mafita. A kai su wurin maƙwabta.

2. In da kwaɗo kuke kullewa ta ciki, mabuɗin ya kwana wuri ɗaya kullum, kusa da ƙofa, inda kowane babba zai lalubo shi cikin duhu da hayaƙi. Sakatar da ake zarewa da hannu ta fi.

3. Da sanyi, kada a kwana da garwashi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Alamunta ciwon kai, jiri, amai da kasala. Mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. In kun ga haka, ku buɗe ƙofa, ku fitar da kowa waje, ku garzaya gidan likita.

4. Tsoron ɓarayi yana sa wasu su shigar da buhunan wake ɗakin kwana, alhali an sa musu ƙwayar nan ta kashe ƙwari mai fitar da iska. Iskar da ke kashe ƙwaro tana kashe mutum, yara kuma su ne farko. Waken da aka sa wa wannan magani ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa tun 2007, yana tsare wake ba tare da magani ba, in an ɗaure kowane riɓi da kyau.

5. Moto mai mai a ciki, jarkar fetur da tukunyar gas, kada su kwana a bakin ƙofar ɗakin da mutane suke ciki. In wuta ta kama su, hanyar fita ce ta kama.

6. Maganin ƙwari da takin zamani suna bukatar nasu kwaɗon, saboda yara.

7. Kada kowa ya haɗa wa ƙofa ko katanga wayar lantarki don ɓarawo. Ɗanka ko ɗan maƙwabcinka ne zai fara taɓawa, kuma hukuma za ta kama ka.

In an riga an shiga

In ka ji motsi cikin dare, kada ka fita kai kaɗai cikin duhu. Ka tabbata sakata tana ciki, ka kunna fitila, ka yi kururuwa, ka kira maƙwabta ta salula. Yana da kyau kowace unguwa ta shirya alamar da kowa ya sani, ko usur ko bugun ƙarfe. Kada ka tare wa ɓarawo hanyar gudu, domin wanda aka ƙure yana iya sara.

In da safe ka tarar an fasa, kada a tattake sawu, kada a taɓa ƙofar. A sanar da mai gari ko mai unguwa, a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda, a tafi da littafin da aka rubuta kaya. A birane lambar ƴan sanda 17 ce, ta masu kashe gobara 18. Dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu ta bambanta sata da sata: wadda aka yi da dare, ko da fasa ƙofa, ko da haura katanga, ko da mabuɗin ƙarya, ko da makami, hukuncinta ya fi tsanani. Saboda haka a faɗa wa hukuma yadda aka shiga dalla-dalla. Mai sayen kayan sata yana sane, shi ma mai laifi ne a gaban doka. In an kawo maka akuya ko salula da rabin kuɗinta, ka tambayi asalinta.

In an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Duka a hannun taro ya sha faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma masu dukan su ne suke ƙarewa a gidan kaso. Kada kuma a ɗora wa maƙwabci ko kishiya sata don wani mai duba ya faɗa. Zumunci da yawa ya mutu ta wannan hanya, kayan kuma ba su dawo ba.

Dole mu faɗi gaskiya a kan wani abu. Duk abin da muka lissafa a nan maganin ɓarawon dare ne mai sanɗa. Ƴan bindigar da suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, kamar na Madarunfa da Gidan Rumji, inda a 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo neman mafaka, lamarinsu dabam ne. Ƙyaure ba ya tsare harsashi. Wanda suka zo masa da makami kada ya ba da ransa saboda saniya. Wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro, namu kuwa shi ne kai labari da wuri in mun ga baƙon motsi.

Ɗakin ajiyar da muka ba ku labarinsa a farko, ɗalibai ne suka gyara shi da kansu. Maƙerin garin ya ƙera kunnuwa masu ɓullawa ciki, magini ya ɗaure firam da rabin buhun siminti, aka sayi kwaɗo na biyu aka ba shugabar mata mabuɗinsa. Tsohon kwaɗonmu ma shi aka mayar, domin ba shi da laifi. Kuɗin gyaran duka bai kai na fitilun da aka sace ba.

Muna roƙon malaman cibiyoyi su karanta wannan shafi tare da ɗalibai, sannan a tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Cikin bango, firam, ƙyaure da kwaɗo, wanne ya fi rauni a gidanka?
2. Mabuɗan gidanka nawa ne, kuma suna hannun wa?
3. In wuta ta tashi da tsakar dare, ta ina iyalinka za su fita?
4. Gidajen da mazansu suka tafi cin rani, wa ke duba su a unguwarku?

Kowane ɗalibi ya rubuta amsarsa a littafinsa, ya kuma zaɓi gyara ɗaya da zai yi kafin kasuwa mai zuwa. Wanda yake da wata dabara da ta yi masa amfani a garinsu, ya rubuto mana ta hannun malaminsa, za mu buga ta don kowa ya ƙaru. Allah ya tsare mu da iyalanmu da abin da muka noma.